Kafin ka saka tsohon fim a tasha, ƙirga magadansa

Saura kwana tara Babbar Sallah manajanmu ya aiko a kira ni. Na tarar da jadawalin shirye-shirye shimfiɗe a gabansa, ya zagaye wani wuri da jan biro. Ya ce, "Malam, ga rami nan. Awa guda bayan Azahar ran Sallah da kwana biyun da ke biye. Kuɗin sayen fim kuwa ko sisi babu. Nemo mana abin da yara za su kalla." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Na koma ɗakin tace hoto, na shiga intanet, kafin La'asar na samo wani fim na barkwanci marar magana, na shekarun 1920, irin wanda 'yan sanda ke bin mutum ɗaya a guje suna karo da juna. Wanda ya ɗora shi ya rubuta cewa haƙƙin mallakarsa ya ƙare, ya zama na kowa. Na duba shekara, na ga ya doshi ɗari. Na ce banza ta faɗi.

Mun saka shi, yara sun yi dariya, har wani mai gidan burodi ya ɗauki nauyin shirin, ya biya na talabijin ya biya na shafinmu na YouTube. Rana ta uku da safe yaron da ke kula da shafin ya leƙo ya ce, "Oga, sun toshe mana bidiyo." Ashe hoton ne kawai ya zama na kowa. Kiɗan fiyanon da ke tafe da shi sabo ne, wani kamfani da ya gyara fim ɗin ne ya sa aka yi masa, kuma yana riƙe da abinsa. Mai burodi ya nemi a maido masa da rabin kuɗinsa, aka maido. Ni kuwa na sha wankin babban bargo a gaban yaran da nake koya wa aiki.

Tun daga ranar nake kallon tsohon fim kamar gidan gado. Duk wanda ya taɓa cinikin gida a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ya san abin da nake nufi: babban wa ya sa hannu, ka biya, ka fara zuba bulo, sai ga ƙanwa daga Zariya ta ce ita ba ta sayar da rabonta ba. Fim ma haka yake. Hoton da mai shi, kiɗan da mai shi, labarin da aka ɗauko daga littafi da mai shi, fassarar da ke gudu a ƙasan allo da mai ita, wani lokacin har launin da aka shafa wa baƙi-da-fari daga baya. Kowanne da ranar da haƙƙinsa ke ƙarewa. Samo fim ɗin ba wuya, ko ɗan sakandare zai sauke maka shi da wayarsa. Aikin yana wajen ƙirga magada da adana shaida, kuma ga yadda nake yinsa yanzu.

Tambayar farko da nake yi wa kaina ita ce, ina da ina hoton zai kai? Dalili shi ne kowace ƙasa dokarta take bi a cikin iyakarta. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, a 1993, kuma ƙa'idar yarjejeniyar ita ce ana kare aikin baƙo da dokar ƙasar da ake nuna shi. Dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba fim shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi. Faifan sauti ma 50, shirin rediyo da talabijin 50, hoton kyamara 50. Lissafin ba ya buƙatar na'ura: fim ɗin 1975 yana cika wa'adinsa ranar 31 ga Disamba 2025. Amma rubutaccen labari da waƙa da kiɗa, su shekara 70 ne bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. A nan ake tuntuɓe. Hoton yana iya kuɓuta alhali wanda ya tsara kiɗan bai daɗe da rasuwa ba, ko ma yana nan da ransa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne fina-finan Indiya, tunda babu watan da zai wuce ba a bugo mana waya ana roƙon mu saka na da ba. Ɗauki Mother India, na 1957, wanda iyayenmu suka haddace. A lissafinmu hoton ya daɗe da wuce shekara 50, a Indiya ma da suke ba fim shekara 60 ya wuce. To amma Naushad da ya tsara kiɗansa sai 2006 ya rasu. Ɗora 70 a kai ka ga inda ka tsaya. Kuma fim ɗin Indiya in ka cire waƙa me ya rage? Shi ya sa duk lokacin da wata Hajiya ta kira ta ce, "Ɗana, ku saka mana na zamaninmu mana," nakan ce, "In sha Allahu Mama, muna nema," amma a raina na san sai dai in tasha za ta sayi lasisi.

Idan eriyarka ba ta wuce Kaduna da kewaye ba, dokar Nijeriya ce a kanka. Amma yau wace tasha ce ta tsaya nan? Muna kan tauraron ɗan'adam, ana kama mu a Maraɗi da Garwa da Kumasi, muna kuma YouTube da Facebook inda ɗan Kawo da ke Landan yake kallonmu. A Amurka tsohon fim shekara 95 yake ɗauka daga shekarar fitowarsa. Na 1928 sun kuɓuta ranar 1 ga Janairu 2024, na 1929 a 2025, na 1930 a 2026, haka abin ke tafiya kowace sabuwar shekara. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun fi kowa tsauri: shekara 70 bayan rasuwar na ƙarshe cikin mutum huɗu, wato darakta, da marubucin fim, da marubucin zantuka, da wanda ya tsara kiɗan da aka yi musamman domin fim ɗin. Charlie Chaplin, ɗan wasan barkwanci da ke rubuta fina-finansa yana kuma ba da umarninsu, ya rasu a Disambar 1977. Fina-finansa na farkon shekarun 1920 sun zama na kowa a Amurka, amma a Faransa ko Jamus sai bayan 2047. Fim ɗaya, halal a nan, haram a can. Abin da nake yi shi ne, wanda za mu ɗora a intanet sai ya tsallake dokar Nijeriya da ta Amurka da ta Turai gaba ɗaya. Wanda ya tsallake tamu kaɗai, a iska yake tsayawa, kuma nakan rubuta haka da jan biro a jikin fayil ɗinsa don kada wani mai zumuɗi ya ɗora.

Akwai wani rukuni na fina-finan Amurka da ya fi kowanne ruɗi, kuma shi ne ya cika intanet. A tsohuwar dokarsu, fim yana samun kariyar shekara 28, in mai shi yana son ƙari sai ya je ya sabunta rajista. Duk fim ɗin da ya fito daga 1931 zuwa 1963 aka manta ba a sabunta ba, ya faɗa hannun jama'a. Haka kuma wanda aka fitar kafin 1978 ba tare da rubuta sanarwar haƙƙin mallaka a jikinsa ba. Wannan gaskiya ne, amma ba a karɓarta daga bakin wanda ya ɗora fim. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka yana da rajista da kowa zai iya bincikawa a intanet daga 1978 zuwa yau, saboda haka sabuntawar fina-finan da suka fito daga wajen 1951 tana ciki. Na kafin nan sai ka bi kundayen da ofishin ke bugawa, Catalog of Copyright Entries, waɗanda aka ɗauki hotonsu shafi-shafi aka zuba a intanet. Ka ƙara 28 a kan shekarar fim, ka duba kundin wannan shekara, da ta gabanta, da ta bayanta. Aiki ne mai sa barci, nakan yi shi da shayi a gefe. Ka nemi sunan fim, ka nemi sunan kamfani, sannan in daga littafi aka ɗauko labarin ka nemi littafin shi ma.

Wannan na ƙarshe shi ne ya ci tashoshin Amurka kansu, ba mu kaɗai ba. It's a Wonderful Life, na 1946, ba a sabunta rajistarsa a 1974 ba, sai tashoshi suka yi ta saka shi kowace Kirsimeti ba ko kwabo, kusan shekara ashirin. A 1993 kamfanin Republic Pictures ya fito ya ce hoton dai ya kuɓuce, amma gajeren labarin da aka gina fim ɗin a kai da kiɗan suna hannunsa. Ya dogara da hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1990 a wata shari'a mai kama da wannan. Nan take garaɓasa ta ƙare. Kuma ka sani, wannan sassauci na rashin sabuntawa bai shafi yawancin fina-finan da aka yi a wajen Amurka ba, domin wata doka ta maido musu da haƙƙinsu a can tun 1 ga Janairu 1996.

Sai wuraren nema. Kowa da Internet Archive yake farawa, ni ma haka. An kafa shi a 1996, kuma babu rumbun kyauta da ya kai shi yawan tsofaffin fina-finai. Sai dai dilar gwanjo ce, irin wadda ake kwancewa a Kasuwar Barci: akwai mai kyau, akwai tsumma, kuma kowa na iya jefa nasa ya liƙa masa alamar da ya ga dama. Rubutun Public Domain, wato na kowa, a ƙarƙashin fim ba hujja ba ce, ra'ayin wanda ya ɗora ne. Abin da nake dubawa shi ne a wane tari fim ɗin yake, wa kuma ya kawo shi. Tarin Prelinger, alal misali, sananne ne. Rick Prelinger ya fara tara shi a farkon shekarun 1980, fina-finan koyarwa ne da na masana'antu da na talla, kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya karɓi babban kasonsa a 2002. Daga nan na samo hotunan masaƙa da na yi amfani da su a shirinmu kan masaƙun Kakuri, na kuma rubuta a allo cewa hoton misali ne daga Amurka, don kada dattawan da suka yi aiki a can su ce mun yi musu ƙarya.

Shi kansa Laburaren Majalisar yana da sashen fina-finai a shafinsa, National Screening Room, wanda ya buɗe a 2018, kuma kowane fim yana da bayanin matsayin haƙƙinsa. Ka karanta da kyau, domin su da kansu suna cewa nauyin tantancewa a wuyanka yake. Ma'ajiyar tarihi ta gwamnatin Amurka tana riƙe da labaran majigi na Universal daga 1929 zuwa 1967, waɗanda kamfanin ya bar wa jama'a. Sannan duk abin da ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ya ɗauka a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka a dokarsu tun asali. Shi ya sa hotunan NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, har da saukar wata ta Yulin 1969, suke yawo ko'ina. Amma tambarin hukumar ba naka ba ne, kuma in an ɗora wa bidiyon waƙar wani, waƙar tana nan da mai ita. Wikimedia Commons ba shi da yawa kamar waɗancan, sai dai ina son ɗabi'arsa: kowane fayil yana faɗin dalilin da ya sa aka ce na kowa ne, da ƙasar da dalilin ya shafa. YouTube kuwa wurin gano fim ne kawai, ba wurin ɗauko shi ba.

Yanzu ga inda abin ya fi min ciwo, wato hotunanmu na gida. Duk shekara idan watan Janairu ya kama ana son shiri kan Sardauna, idan Oktoba ta zo ana son na 'yancin kai. Ana son hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a nan Kaduna a 1956, a filin sukuwa da yanzu ake kira Dandalin Murtala, ana son bikin mulkin kai na Jihar Arewa na 1959. A lissafin shekara 50 duk waɗannan sun wuce wa'adi a Nijeriya. To ina faifan? Mafi kyawunsu suna Ingila, a hannun kamfanin labaran majigi na British Pathé, da ma'ajiyar Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya (BFI), da gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museums. British Pathé ya zuba fina-finai kusan 85,000 a YouTube a 2014, kowa ya kalla, amma kallo daban, watsawa daban: lasisi suke sayarwa. A nan na fahimci abin da lauyar tasharmu ta daɗe tana faɗa min. Ta ce, "Malam, rijiyar ta gari ce, amma gugan na wani ne." Ko da haƙƙin mallaka ya ƙare, wanda ke riƙe da faifai mai kyau yana da ikon cewa sai ka biya kafin ya ba ka kwafi, kuma takardar da ka sa wa hannu za ta ɗaure ka ko da doka ba ta ɗaure ka ba. Masu yanke tambarin mutane daga kusurwar hoto su cusa a shiri, ina ba su shawara su daina. Garin neman gira za a rasa ido, kuma hoton ma dishi-dishi yake fitowa.

Idan za ka rubuta wa irin waɗannan ma'ajiyoyi, kada ka ce kawai kana son hoton daba. Ka faɗi lambar faifan kamar yadda take a shafinsu, daga minti kaza zuwa minti kaza, daƙiƙa nawa ke nan, a wace ƙasa za a nuna, ta iska ce ko har da intanet, sau nawa, na tsawon shekara nawa. Farashi a kan waɗannan yake hawa yana sauka, kuma daƙiƙa arba'in da aka zaɓa da kyau sun fi minti biyar da ba a iya biya ba. Ka kuma faɗa musu kai ƙaramar tasha ce mai watsa shiri da Hausa, ba a rasa mai sassautawa. A gida kuwa akwai Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a Jos da ma'ajiyarta ta fim da sauti, akwai NTA Kaduna da ta gaji talabijin ɗin Arewa da aka buɗe a 1962. Gidan Arewa da ke titin Rabah da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna sun fi ƙarfi a takardu da hotunan kyamara, kuma sau da yawa hoto tsayayye da aka motsa a hankali da murya mai kyau a kai ya ishi shiri. Ka je da wasiƙa a takardar tasha mai tambari, ka kuma nemi a ba ka izini a rubuce. "Je ka yi amfani da shi, ba komai" daga bakin ma'aikaci ba ya zama shaida ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Wani abu game da fina-finan majigi na zamanin Turawa, irin na sashen fina-finan mulkin mallaka da aka kafa a 1939: hotunan suna da daraja, amma muryar Baturen da ke bayani sau da yawa raini ce tsantsa. Nakan kashe ta, in samo dattijo ko malamin tarihi ya yi bayani da Hausa.

Wannan ya kawo ni ga maganin ciwon da na fara da shi. Fim marar magana, ka ɗauka duk sautin da ke jikinsa sabo ne har sai an tabbatar maka da akasin haka. Cire shi gaba ɗaya. Ka duba farko da ƙarshe ko akwai sunan kamfanin gyara da sabuwar shekara, in akwai, nemi wani kwafin. Mai launi da asalinsa baƙi-da-fari ne, bar shi. Allunan rubutu da ke fitowa tsakanin fage da fage, mu muke fassara su da kanmu daga na asali. Kiɗa kuwa, a Sallar da ta biyo baya na ɗauko wani dattijo makaɗin kalangu daga Tudun Wada da ɗansa mai gurmi. Muka zaunar da su a situdiyo, muka kunna musu fim a babban allo. Kallon farko Baba bai taɓa ganga ba, dariya kawai yake yi yana goge ido da bakin rawani. Na ce, "Baba, a sake?" Ya ce, "Sake, ɗana, yanzu na gane tafiyarsa." A karo na biyu, da ɗan sandan ya taka ɓawon ayaba, sai Baba ya matse kalangun a hammata ya sake shi, gangar ta yi wani irin kuka kamar mai cewa wayyo, daidai lokacin da mutumin ya kai ƙasa. Mai ɗaukar sauti ya faɗo daga kujera don dariya, dole muka sake ɗauka. Kafin su tafi muka rubuta yarjejeniya da Hausa, aka karanta wa Baba, ya dangwala hannu: an biya shi kaza, tasha za ta yi amfani da kiɗan a iska da intanet, sunansa zai fito a ƙarshe. Kada ka tsallake wannan. In ba haka ba ka sallami tsofaffin magada ka haifo sabo da hannunka.

Ɓangaren na'ura ba shi da yawa, amma yana kunyata mutum. A Internet Archive ka danna inda ake nuna dukkan fayiloli, ka ɗauki mafi girma, wanda sau da yawa MPEG-2 ne, ba ƙaramin da aka matse domin waya ba. Abin da ya yi kyau a allon waya, a talabijin mai inci hamsin kamar an shafa masa koko yake. Nakan bar saukewar dare, a kwamfutar da ke kan batir, don wuta ba ta da alƙawari. Talabijin ɗinmu firam 25, wato hoto tsayayye 25, yake tafiya a daƙiƙa, fim ɗin silima 24, bidiyon Amurka kusan 30. Na 24 nakan ɗan ƙara masa gudu ya koma 25, ba mai lura, amma ka tuna fim ɗin minti 100 zai dawo 96, sai ka san abin da za ka cike gurbin da shi. Na Amurka mai kusan 30, akwai firam na cusawa a cikinsa, sai ka fara cire su da manhajar HandBrake ko ffmpeg kafin ka juya, in ba haka ba hoton zai riƙa ɗingishi duk lokacin da kyamara ta waiwaya. Marasa magana da yawa an ɗauke su a ƙasa da 24, wajen 16 zuwa 20, in ka sake su a 25 mutane za su riƙa tafiya kamar an sa musu sabon batir. Sannan tsohon hoto kusan murabba'i ne, 4:3. Bar shi da baƙin shafi hagu da dama. Kada ka ja shi ya cika allo, sai kowa ya koma gajere mai tumbi.

Kuma ka zauna ka kalli fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, ba tsalle. Ƙarewar haƙƙin mallaka ba ta wanke abin da ke ciki. Tsofaffin zanen yara na Amurka cike suke da zolayar baƙar fata, wasu da giya, wasu da ba'a ga Larabawa da rawani. Mu a Kaduna mun san abin da minti ɗaya na rashin lura zai iya jawowa. Dokokin Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa suna kanka ko fim ɗin kyauta ne ko na kuɗi, haka ma batun tantance shekarun masu kallo da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ke yi.

Abu biyu da ake yawan cuɗanyawa da wannan. Creative Commons ba ƙarewar haƙƙi ba ce, izini ne da sharaɗi daga mai abu yana raye. Mai alamar BY dole ka ambaci sunansa, mai alamar NC ba na kasuwanci ba ne, kuma ni a wurina shirin da ke da tallar burodi a tsakiya kasuwanci ne. CC0 ne kaɗai mai shi ya yafe gaba ɗaya. Na biyu, tambarin kasuwanci ba ya ƙarewa da shekaru. Steamboat Willie na 1928, fim ɗin zanen ɓeran nan Mickey Mouse, ya zama na kowa a Amurka a 2024, amma in ka mayar da ɓeran tambarin shirin yaranka, da Disney za ka yi.

Duk wannan bincike a fayil ɗaya yake taruwa, kowane fim da nasa, kwafi a kwamfuta kwafi a kabad. A ciki akwai sunan fim na asali, da shekara, da ƙasa, da sunayen darakta da marubuci da mai kiɗa da shekarun rasuwarsu, da lissafin wa'adi na kowace ƙasa da za mu kai. Akwai hoton shafin da na sauke fim ɗin mai ɗauke da kwanan wata, domin shafuka suna ɓacewa. Akwai hoton shafukan kundin rajista da na duba, da yarjejeniyar makaɗa, da sunan wanda ya yi fassara. A saman duka akwai takarda guda da lauya ke sa wa hannu. Takan ce, "Ni kada ka kawo min fim, ba kallo na zo ba. Kawo min takarda." Fim ɗin da na kasa cike masa wannan fayil ba ya hawa jadawali, ko da manaja ya zagaye ramin da jan biro sau uku.

Da fayil ɗin ma tsugune ba ta ƙare ba, domin na'urar YouTube da ke gano kayan mutane ba ta san doka ba, kamanni kawai take bi. Wani ya sa tsohon fim a cikin nasa shirin ya yi rajista, sai na'urar ta ɗauka duk mai wannan hoton ɓarawo ne. Ya faru da mu a kan fim ɗin da Baba ya yi wa kiɗa. Wannan karon ban tashi hankalina ba. Na buɗe fayil, na shigar da ƙorafi ta wurin da aka tanada, na rubuta shekarar fim, da inda na samo kwafin, da cewa sautin namu ne kuma muna da takarda. YouTube yana ba mai da'awa kwana 30 ya amsa, in bai amsa ba da'awar ta faɗi da kanta. Saboda wannan kwana 30 ɗin ne yanzu nake ɗora fim ɗin Sallah a ɓoye, ba mai gani sai mu, tun wata guda da rabi kafin ranar, in akwai mai magana ya yi ta tun kafin mai burodi ya biya.